Yadda Za Ka Tattara, Ka Gane, Ka Adana Tsofaffin Hotunan Jiragen Kwara da Binuwai

Yawancin tsofaffin hotunan jiragen ruwan Kwara da Binuwai da ke yawo a wayoyinmu bayaninsu bai wuce layi guda ba: "Lakwaja a zamanin da", ko "Yola lokacin Turawa". Babu shekara, babu sunan jirgi, balle a san wane ne mutumin da ke tsaye a goshin jirgin riƙe da doguwar sanda. Wanda Baturen kamfani ya ɗauka ya rubuta wa bayani ma, sunan jirgi da na manaja za ka gani, sauran mutum ashirin da ke cikin hoton an haɗa su a kalma ɗaya, ma'aikata. Alhali su ne suka san hanyar ruwan, su suka yi lodi, su suka sare itacen da tukunyar jirgin ta ci, kuma jikokinsu na nan da rai a Baro da Ibi da Numan da Jimeta da Garwa. Abin da nake so wannan jagora ta taimaka maka ka yi shi ne ka mayar wa hoto wurinsa da shekararsa da sunayen mutanensa, tun masu iya faɗa suna raye.

Mataki na farko: ka san yadda harkar kogin ta gudana

Wanda bai san abin da jiragen suka zo yi ba, ba zai gane abin da yake kallo ba. Kamfanin Royal Niger Company ya samu takardar izinin mulki da ciniki daga gwamnatin Ingila a 1886. Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnati ta karɓe mulkin, Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja, kamfanin ya koma ciniki zalla da sunan Niger Company. Lever Brothers suka saye shi a 1920, a 1929 kuma aka haɗe shi da wani kamfanin aka samu United Africa Company, wato UAC. Tashar jiragensu tana Burutu, can kusa da teku, kuma reshen da ya riƙe musu sufurin kogi shi ne Niger River Transport. Babban abokin gasarsu a ruwa shi ne John Holt na Liverpool, mai tasha a Warri. Gwamnati ma tana da nata jiragen na wasiƙu da jami'ai.

Tsarin aikin shi ne jirgi ɗaya mai inji, da wasu manyan jiragen ƙarfe masu shafaffen gindi marasa inji, wato baji, waɗanda ake cika da kaya. Mai injin ya ɗaura su a gefensa ko ya tura su a gabansa. In za su hauro sukan ɗauko gishiri da kananzir da siminti da kwanon rufi da dilolin atamfa da akoko. In za su gangara sai gyaɗa da auduga da riɗi da kaɗanya da fatu da ƙiraga.

Kogin ne yake yanka musu lokaci. Binuwai ba ta ɗaukar babban jirgi sai damina ta kankama. Zuwa Garwa ta Kamaru kuwa 'yan makonni ne kawai, wajen Agusta da Satumba, a yi ta gaggawar sauke kaya da lodi a juya kafin ruwa ya janye ya bar jirgi a kan yashi. Ka riƙe wannan, domin zai yi maka aiki wajen gane watan da aka ɗauki hoto. Hanyar dogo da titunan mota suka yi ta rage wa kogin kaya, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirgar, bayan yaƙi kuma harkar ba ta koma yadda take ba. Don haka hoton manyan jiragen kamfani cike da buhuna a Jimeta ko Ibi, mafi rinjaye kafin 1967 ne.

Mataki na biyu: ka fara nema daga gida

Mutane sukan fara da intanet. Ni shawarata ka fara da adakar kakarka. Abin da ke ma'adanar Landan yana nan ba inda za shi, amma wanda ke ƙarƙashin gado a Lakwaja yana fama da gara da danshi, ga ambaliya irin ta 2012 da 2022 da ta shiga gidajen bakin kogi.

Gidajen da ya kamata ka ƙwanƙwasa: zuriyar matuƙa da injiniyoyi da masu dafa abinci a jirgi, iyalan akawunan kanti da masu awo a sikeli, gidajen 'yan baranda da suka yi wa kamfanoni sayen gyaɗa da auduga, gidan Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi, fadar sarki, tsofaffin makarantu da majami'u. Kada ka tsallake iyalan tsofaffin masu ɗaukar hoto na gari. Sau da yawa in mai situdiyo ya rasu, kwalayen fim ɗinsa sukan zauna a sito har ranar da wani zai ce a share ɗaki.

Kada ka tambaya da cewa "kuna da hotunan tarihi?" Za a ce maka babu, don mai gida bai ɗauki hoton babansa a gaban kanti a matsayin tarihi ba. Ka ce, "Baba, ko akwai hoton marigayi lokacin yana aikin jirgi, ko takardar sallamarsa, ko katin aikinsa?" Takardun nan sukan fito tare da hoton, kuma su ne ke ɗauke da kwanan wata.

Ƙa'ida ɗaya da ba na so ka karya: kada ka fita da hoton mutane daga gidansu. An sha karɓar hoto da sunan za a wanko a dawo da shi, shi ke nan. Shi ya sa tsofaffi ke ƙin fito da nasu. Ka zo da kayan aikinka, ka yi kwafi a gabansu, ka miƙa musu abinsu a hannu, in ka dawo kuma ka kawo musu sabon wanki babba su rataya.

Bayan gida sai ma'adanai. A Kaduna akwai ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa. A Lakwaja akwai gidan tarihin zamanin mulkin mallaka, nan ne kuma hedikwatar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida da aka kafa a 1997. Takardu da hotunan UAC suna ma'adanar Unilever, kamfanin da ya gaji Lever Brothers, da ke Port Sunlight a Ingila, ana iya rubuta musu ta imel. Ma'adanar ƙasa ta Birtaniya da ke Kew ta ɗora dubban hotunan ofishin mulkin mallaka a shafin hotuna na intanet mai suna Flickr tun 2011. Mai neman ɓangaren Kamaru na zamanin Jamus ya duba tarin hotunan mulkin mallaka na ɗakin karatun jami'ar Frankfurt. In kana bincike a waɗannan wurare ka gwada rubutun suna iri-iri, domin Jamusawa Garua suka rubuta, Faransawa Garoua, Binuwai kuma za ka tarar da ita Benue da Benoue da Binue.

Mataki na uku: ka yi kwafi mai kyau, gaba da baya

Ka wanke hannu ka bushe, ka riƙe hoto ta gefe. In akwai sikana, ka saita ta a ɗigo 600 a kowane inci, ka zaɓi mai launi ko da hoton fari da baƙi ne, ka ajiye shi a tsarin TIFF, irin fayil ɗin da ba ya rage ingancin hoto. Ƙaramin hoto irin na fasfo ka kai shi 1200. Fim kuwa yana son 2400 ko fiye, da sikana mai haskowa ta sama.

In waya ce kawai a hannunka, ta isa, muddin ka bi ta a hankali. Ka fita inuwar zaure ko gindin bango da hantsi, inda haske yake ko'ina amma rana ba ta dukan hoton. Ka kashe filasha, ka goge idon kyamara, ka shimfiɗa hoton a kan farin ƙyalle ko baƙi, ka daidaita wayar sak a samansa kada ta karkata. Ka ɗauki hoton gaba ɗaya har da bakinsa, sannan ka matsa ka ɗauki sassa: goshin jirgi, allon kanti, fuskoki, lambar mota. In hoton ya manne da gilashin firam, kada ka ɓamɓare, fuskar hoton za ta biyo gilashin. Ka ɗauke shi a haka, ka ɗan kauce gefe don gudun ƙyalli.

Sai ka juya bayansa. Bayan hoto sau da yawa ya fi gabansa magana: hatimin mai hoto da sunan garinsa, rubutun boko ko ajami, lamba, kan sarki. Kowane hoto ka ba shi lamba tun a nan, ka rubuta lambar a littafinka tare da sunan gidan da ranar da ka zo.

Mataki na huɗu: ka karanta jirgin, da ruwan, da gaɓar

Ka buɗe kwafin a babban allo, ka fara da jirgi. Suna yakan kasance a goshi, ko a jikin ɗakin matuƙi, ko a kan zoben ceto da ke rataye. Ko harafi uku ka iya karantawa ka rubuta su. In ka ga rubutun ya juya baibai, an kifa fim ne wajen wanki, ke nan duk hoton a juye yake, dama ta koma hagu. Ka gyara kafin ka ce jirgin haurowa yake ko gangarawa.

Dubi abin da ke tafiyar da shi. Dogon bututun hayaƙi da babbar ƙafa mai filafilai tana juyawa a baya, jirgin tururi ke nan, wanda aka ƙera don ruwa marar zurfi. Irin waɗannan sukan ci itace, shi ya sa za ka ga tarin faskare a kan jirgin ko an jera shi a gaɓa. Guntun bututu, babu ƙafa a baya, goshi a yanke murabba'i da ƙarafa biyu tsaye da ke dafe baji, wannan na dizal ne mai farfela, mai tura kaya a gabansa irin yadda ake yi a kogin Misisipi na Amurka. Na dizal sun yawaita ne bayan yaƙin duniya na biyu, amma na tururi ba su ɓace rana ɗaya ba, sun daɗe suna aiki tare. Don haka ganin jirgin tururi kaɗai ba ya nufin hoton na zamanin Lugga ne.

Nan akwai tarko. Jirage masu ƙafa a baya sun yi aiki a kogin Kwango da Nilu da Misisipi ma. Hoton irin jirgin ba hujja ba ce cewa namu ne. Sai gaɓa ta ba da shaida.

A Lakwaja, Dutsen Patti mai shimfiɗaɗɗen kai yana tsaye a bayan gari. A Jebba akwai dutsen nan da ya tsaya tsakiyar ruwa, da gadar jirgin ƙasa da aka kammala a 1916. Kafin nan jirgin fito ne ke haye da taragu. A Baro za ka ga layin dogo ya sauko har bakin ruwa da tudu a bayansa, aikin da aka fara a 1907 ya isa Kano a 1911. Gadar Makurɗi ta farko an buɗe ta a 1932, ta Anaca a 1965. Gada a hoto tana ce maka "ba kafin shekara kaza ba". Rashinta kuwa ba ya cewa komai sai ka tabbatar mai hoton ya fuskanci inda ya kamata ta kasance. Duwatsu ba sa tashi daga inda suke, saboda haka in da hali ka je wurin da kwafin a hannu, ka yi ta matsawa har layin dutsen ya hau daidai da na hoton. Gaɓa kam kada ka dogara da ita, ruwa ya ci wata ya haifi wata, madatsar Kainji ta 1968 a kan Kwara da ta Lagdo ta 1982 a kan Binuwai sun sauya halin kogunan biyu.

Yanzu ruwan kansa. In ya cika ya taɓo gindin itatuwa, jirgi ya jingina dab da sito an sa ɗan guntun katako ana hawa, tsakiyar damina ne zuwa farkon kaka. In yashi ya fito fari fat, 'yan dako na doguwar tafiya da buhu a ka kafin su kai ga jirgi, ko kwale-kwale na kai kaya tsakiyar ruwa, ruwa ya janye. Bajin da ya nutse har ruwa ya kusa bakinsa cike yake. Wanda ya taso sama fanko ne. Shi kuwa mutumin da ke goshi da sanda mai zane-zane, zurfin ruwa yake aunawa yana sanar da matuƙi. A ganina shi ne mutum mafi muhimmanci a hoton bayan matuƙin, kuma shi ne wanda ba a taɓa rubuta sunansa.

Tuta ma shaida ce. Shuɗiyar tuta mai jan da'ira da koren tauraro mai tsini shida ta gwamnatin Najeriya ce daga 1914 zuwa 1960. Kore, fari, kore kuwa daga 1 ga Oktoba 1960.

Mataki na biyar: alluna da kantuna su ne kalandarka

Hoton kasuwa da kanti ya fi na jirgi sauƙin sa wa shekara, domin 'yan kasuwa sun cika rubutu. Ka karanta kowane allo, har wanda ya fito rabi a gefen hoto.

Allon da ya ce Niger Company ya riga na UAC, wanda bai wanzu ba sai 1929. Za ka ci karo da John Holt, da PZ, da G.B. Ollivant, da kamfanonin Faransa CFAO da SCOA. Bankuna sun fi kowa taimako saboda yawan sauya suna. Bank of British West Africa ya zama Bank of West Africa a 1957, ya zama Standard Bank of West Africa a 1966, Standard Bank of Nigeria a 1969, sannan First Bank a 1979. Barclays ya koma Union Bank a wannan shekarar ta 1979. Sunan jiha a allon ofis ko jikin mota haka yake: Benue-Plateau da North-Eastern daga 1967 zuwa 1976, Gongola daga 1976 zuwa 1991, Kogi da Taraba da Adamawa a matsayin jihohi daga 1991.

Farashi: in an rubuta 2/6, sule biyu da sisi ke nan, kuɗin fam da sule, wanda naira ta maye gurbinsa ranar 1 ga Janairu 1973. Tuƙi: Najeriya ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972. Mota: Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 a 1968. In katin gidan waya ne, kan sarkin da ke jiki zai nuna ko Edward na bakwai ne, 1901 zuwa 1910, ko George na biyar, 1910 zuwa 1936, ko na shida, har 1952, ko Sarauniya Elizabeth. Wanda aka rubuta wa Northern Nigeria kafin haɗewar 1914 aka buga shi. Sai dai hatimin gidan waya ranar aikawa yake nunawa. Hoton da ke kan katin yana iya girmar hatimin da shekaru, tunda masu buga kati sukan yi ta maimaita tsohon hoto.

Ga yadda ake haɗa su. A ce kana da hoton titin kasuwa: allon banki ya ce Standard Bank of Nigeria, wata babbar mota tana tafiya ta hannun hagu, allon mai shayi na nuna farashi da sule. Sunan bankin ya ce ba kafin 1969 ba. Tafiyar motar ta ce kafin Afrilu 1972. Ka samu tazarar shekara uku ba tare da ka tambayi kowa ba. Amma ka tabbatar motar tafiya take yi, ba a ajiye take ba, kuma hoton ba a juye yake ba.

Dokar ita ce abu mafi sabunta a hoto shi ke yanke hukunci. Tsohon allo yakan shekara goma a bango bayan kamfani ya sauya suna, tsohuwar mota takan yi ta aiki, amma ba yadda za a yi abin da ba a ƙera ba tukuna ya shiga hoto. In kana son ƙarin tabbaci a kan wani kanti ko wani kaya, ka duba tallace-tallacen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da na New Nigerian daga 1966.

Kada alluna su ɗauke maka hankali daga gefen hoto. Mai hoton jirgi ya nufa, amma yarinya mai tallan ƙosai ta shigo, ga mata na wanki a kwata, ga masunci na gyaran koma, ga wanzami a gindin itace, ga keken Rali a jingine. Zaman garin yana wurin nan ne. Ɗinkin riga, naɗin rawani, ɗaurin ɗankwali, zanen fuska, fasalin kwale-kwale, duk suna faɗin ko su wane ne: Nufawa, Kakanda, Jukunawa, Bacama, ko Kabawan da suka gangaro su.

Mataki na shida: ka kai wa tsofaffi

In lokacinka kaɗan ne, ka tsallake ma'adanai ka yi wannan. Wanda ya yi aikin jirgi yana saurayi kafin yaƙin basasa yau ya doshi tamanin ko ya haura.

Ka wanko hoton babba, girman takardar ofis, domin idon tsoho ba ya son allon waya. Ka je da safe ko bayan la'asar, da ɗan goro ko abin da ya sauwaƙa, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Ka miƙa hoton ka yi shiru. Kuskuren da matasa ke yi shi ne su ce, "Baba, wannan Ibi ce ko?" Tsoho zai ce i don kada ya ba ka kunya. Ka ce, "Baba, ina ne nan?" In ya faɗa, ka bi da, "Da me kuka gane?" Amsar wannan tambaya ta biyu ita ce dukiyar. Zai ce ga kukar da ke bayan sito, ko ga matakalar da suke saukowa da buhu, ko wannan jirgin ai da kukansa ake gane shi tun yana nesa.

Tsofaffi ba sa lissafi da shekarar boko. Za ka ji "shekarar da Sarauniya ta zo", wato 1956, ko "bayan an kashe Sardauna", wato bayan Janairu 1966, ko "kafin canjin kuɗi", ko "zamanin Lamiɗo wane". Ka rubuta yadda ya faɗa, kalma da kalma, daga baya ka mayar da shi lamba a gefe. Haka sunayen da mutanen gari suka raɗa wa jirage da Turawan kanti. Ka rubuta su tare da na takarda, don da su ne wani tsohon zai gane abin da kake nufi.

Ka tambayi aikin ma: nawa ake biyan ɗan dako a buhu, wa ke sayar wa jirgi itace, ina matuƙa ke kwana in jirgi ya kafe, me ake yi a gari ranar da jirgin farko na shekara ya iso. Kuma lallai a je wurin mata. Hajiya da ta yi tallan abinci a kwata tana yarinya ta san fuskokin da mazan suka manta, ta san wa ya auri wa. In gidan kulle ne, ka tura ƙanwarka ko matarka da hoton da tambayoyin a rubuce.

Kowane hoto ka nuna wa aƙalla mutum biyu, kowa shi kaɗai. In ka tara su wuri ɗaya, wanda ya fi girma ko ya fi murya shi zai yi magana, saura su gyaɗa kai. In sun saɓa, ka rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Ba aikinka ba ne ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi.

Mataki na bakwai: ka rubuta bayanin, ka raba tabbas da zato

Kowane hoto ya samu shafinsa: lamba, wuri, shekara ko tazarar shekaru, sunan jirgi ko kanti, sunayen mutane daga hagu zuwa dama, mai ɗaukar hoton in an sani, gidan da asalin yake, abin da ke rubuce a baya, da wanda ya ba da kowane bayani da ranar da ya bayar. A gaban kowane batu ka sa ɗaya daga cikin kalmomi uku: "tabbas" in akwai rubutu ko shaida biyu da suka dace, "an ce" in bakin mutum ɗaya ne, "zato" in naka hasashen ne. "Tsakanin 1957 da 1966, bisa allon banki" ya fi "1960" da aka ƙaga daraja nesa ba kusa ba, domin lambar da ka ƙaga yau gobe wani ɗalibi zai sa ta a kundinsa. Sunan fayil ma ya ɗauki bayani, kamar Jimeta_kwata_1957-1966_014. Ka ajiye kwafi uku: a kwamfuta, a filash ko faifan ajiya da ke wani gida daban, da kuma a intanet.

Mataki na takwas: ka koya wa masu hoton yadda za su adana asalin

Babban abin da ke kashe tsofaffin hotuna a ƙasarmu yanzu, bayan ruwa da gara, shi ne laminatin. Mutum ya kai hoton kakansa shagon kwamfuta da kyakkyawar niyya, a gasa shi cikin leda da zafi da gam, ba kuma mai iya fito da shi. In an ga dole, a yi wa kwafi, a bar asali. Haka salatif, da roba mai ɗaure kuɗi, da fil, da albam mai gam a shafi. Biro yakan huda ya kuma tsattsafo ta gaba. In za a yi rubutu a baya, fensir mai taushi, a gefe, a hankali.

A sa farar takarda mai tsabta tsakanin hoto da hoto, a kwantar da su cikin kwali ko akwati mai murfi, a ɗora a kan kabad a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙa da ɗakin girki. Kada a ƙulle su cikin leda da damina, danshi zai taru fumfuna ta ci su. Sau biyu a shekara a buɗe a duba, bayan damina da bayan hunturu. In ruwa ya taɓa su, a raba su tun suna jiƙe in sun rabu da sauƙi, a shanya a inuwa fuska sama, ba a rana ba.

Fim na da nasa sha'anin. Wanda ke warin tsami ya fara lalacewa, a ware shi daga saura a yi masa kwafi da gaggawa. Wanda ya girmi shekarun 1950 yana iya zama irin mai kama wuta da sauri, a nisanta shi da zafi da fitila da janareta.

Mataki na tara: yaɗawa

Ka nemi yardar iyalin kafin ka sa hoto a Facebook ko WhatsApp, musamman in akwai mata a ciki. Na ma'adanai kuma ka karanta sharaɗinsu ka ambaci sunansu. Ka rubuta bayanin a farin fili ƙarƙashin hoton, cikin fayil ɗin kansa, domin in aka tura wa wani rubutun da ke gefe yakan faɗi a hanya. Kada ka buga sunanka a tsakiyar fuskar mutane. In za ka tura wa mai bincike ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi rubutun allo ya dushe.

Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi ko su gyara fuska ba na ba da shawararsu a wannan aiki. Launin ƙage ne, fuskar da suke fitarwa sau da yawa ba ta mai ita ba ce, haruffan jikin jirgi kuma sukan mayar da su wasu daban. In ka yi don sha'awa, ka rubuta a jiki cewa an sa launi, ka ɗora asalin a gefensa.

Masu sharhi za su kawo gyara, wani ma ya ce kakansa ne na uku daga hagu. Ka nemi lambarsa, ka kira shi, ka yi masa tambayar da ka yi wa tsofaffi, da me ya gane, sannan ka shigar da amsar a shafin hoton ƙarƙashin "an ce" har ka samu shaida ta biyu. Kwafin duk abin da ka tara, hotuna da shafukan bayani da muryoyin da ka naɗa, ka kai ɗaya fadar garin ko makarantar sakandarensa, ɗaya kuma Gidan Arewa ko sashen tarihi na jami'ar da ta fi kusa, ka karɓi takardar shaidar sun karɓa.